Yadda za ka ƙara wa jaruman wasanka ƙarfi ba tare da wani ya koma ɗan kallo ba

Daren wata Asabar ne, bayan sallar isha'i, muna zaune a kan tabarma a falon gidanmu a Kaduna. Mu biyar ne: ni da ke jan labari, da 'yan wasa huɗu. Wata huɗu ke nan muna buga Dungeons & Dragons, bugu na 5 da ya fito a 2014, kuma a makon da ya wuce ne jarumansu suka taka lebul 5, wato mataki na biyar na ƙarfi. Na shirya musu kwanton ɓauna a bakin wani kwazazzabo, gobilin 9, wasu ƙananan dodanni, laɓe a bayan duwatsu. Ƙanena, mai riƙe da mayaƙi, sai murza dayis yake yi a tafin hannu, don mako guda cur yana ɗokin gwada sabuwar baiwarsa ta kai sara biyu a layi ɗaya. Sai layi ya fara zuwa kan abokina mai riƙe da masihirci. Ya ce, "Dunƙulen wuta, a tsakiyarsu." Ya tattara 'yan ludo 8 ya watsa a faranti, muka ƙirga, 31. Gobilin kuwa jininsa, wato makin ransa, 7 ne kacal, ko wanda ya yi tsalle ya kauce rabin illar ta ishe shi. Jifa ɗaya, faɗa ya ƙare.

Ƙanena ya ajiye dayis ɗinsa a hankali. Bai ce uffan ba sai da muka raka baƙi muka dawo, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ni wai mene ne amfanina a wasan nan?"

Tambayar ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na zauna na koyi abin da zan shimfiɗa a nan. Ga wanda bai san wasan ba: kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda a rubuce a takarda, mai jan labari yana faɗin abin da ke faruwa, dayis kuma shi ke yanke hukunci duk lokacin da aka yi abu mai haɗari. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, daga gare shi kuma wasannin bidiyo suka gaji maganar lebul da jini da makin gogewa. Sihirin da ke ciki lambobi ne a kan takarda. Mu a gidanmu matsayin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi muke ba shi.

Ɗan wasa abu biyu yake nema a wurinka. Yana so ya ji jaruminsa na yau ya fi na jiya, yana kuma so ya ji ana bukatarsa kamar yadda ake bukatar na kusa da shi. Waɗannan biyun suna jan juna, don duk ƙarfin da ka ƙara wa wani, inuwa ce ka shimfiɗa a kan wani. Ko a tabarma kake jan wasa, ko ƙaramin gem kake haɗawa a kwamfuta, aikin ɗaya ne.

Fara da sanin darajar maki ɗaya

Kafin ka ba kowa komai, ka san abin da ƙarin maki 1 yake nufi. Dayis ɗin da ake kai hari da shi fuska 20 gare shi, don haka kowace fuska kashi 5 cikin 100 ce. Mayaƙi a lebul 1 mai ƙarfin jiki 16 yana da ƙarin 3, ga ƙarin gwaninta 2, jimla 5. Idan lambar kariyar abokin gaba 13 ce, 8 ko sama da haka yake bukata, wato fuska 13 cikin 20, kashi 65 ke nan. Ka riƙe wannan lamba da kyau. A teburina na lura idan damar samu ta faɗo ƙasa da rabi, gwiwar 'yan wasa takan yi sanyi, idan kuma ta kai kusan kashi 90 sai jifar ta rasa armashi, babu mai leƙa faranti ya ga abin da ya fito.

Masu bugu na 5 da gangan suka matse lambobi. Ƙarin gwaninta 2 ne a farko, ya zama 3 a lebul 5, 4 a lebul 9, 5 a lebul 13, ya tsaya a 6 daga lebul 17. A bugu na 3 da ya fito a 2000 kuwa, mayaƙi ƙarin 1 yake samu a kowane lebul har ya kai 20, shi ya sa ƙananan abokan gaba suke zama kamar ƙudaje tun kafin a yi nisa. Pathfinder, wani wasa irin wannan, a bugunsa na 2 na 2019, ya bi hanyar bugu na 3 da saninsa: ana zuba lebul ɗinka gaba ɗaya cikin jifarka, kuma idan ka zarce abin da ake nema da 10 illar takan ninka. Dukansu suna aiki. Sai dai ka san wanne kake bugawa, domin takobi mai ƙarin 2 a inda lambobi suke a matse babbar kyauta ce.

Lissafi na biyu shi ne zagaye nawa faɗa zai ɗauka. Mayaƙin ƙanena a lebul 5 yana da katon takobi: 'yan ludo 2 da ƙarin 4, matsakaicinsa 11. Sara biyu, da damar kashi 65, ya kama kusan 14 a kowane zagaye. Ka yi wa kowane jarumi irin wannan lissafin, ka haɗa jimla, ka ninka sau uku. Abin da ya fito shi ne kimanin jinin da ya kamata abokan gaba su mallaka gaba ɗayansu, in kana son faɗa mai zagaye uku zuwa huɗu. Minti goma yake ɗauke ni da biro a bayan ambulan. Mai haɗa gem ya zuba shi a Excel, lebul bisa lebul, ya ga inda layin ya karye.

Ƙirga yini, kada ka ƙirga faɗa ɗaya

Da na yi wa daren nan lissafi sai na ga ashe ba masihircin ba ne matsala. Dunƙulen wuta matsakaicinsa 28 ne, yana cin duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ya faɗi. Mayaƙi 22 yake yi in duka saran sun samu. A ido ɗaya babu haɗi. Amma masihirci a lebul 5 gurbi biyu kawai gare shi na irin wannan sihiri, wato sau biyu zai iya yin sa kafin ya yi dogon hutu, da wata dabara da ke maido masa da guda sau ɗaya a yini. Mayaƙi kuwa daga asuba har dare hannunsa ba ya ƙarewa. An gina wasan ne a kan cewa ɗaya kamar tulu yake, ana ɗiba yana raguwa, ɗayan kuma kamar rijiya. Ni kuma faɗa ɗaya nake ba su, su kwana, tulu ya sake cika.

Littafin jagoran wasa na 2014 ya yi ƙiyasin faɗa 6 zuwa 8 a yinin jarumai, da gajeren hutu kamar biyu a tsakani. Mu awa uku muke da ita a mako, ina za mu kai faɗa 8? To a cikin littafin akwai wani zaɓi: gajeren hutu ya zama kwana ɗaya, dogon hutu ya zama kwana 7. Na ɗauki ruhinsa na gyara. A teburinmu barci a daji gajeren hutu ne, cikakken hutu sai a cikin ganuwa, inda akwai gado da kwanciyar hankali. Da haka "yini" ɗaya yakan ratsa Asabar uku, kuma faɗa shida su shiga ba tare da an gaji ba.

Sannan ka ɗaura wa labarin agogo. Ayari ya tsallake kogi kafin ruwan damina ya kawo. Waɗanda aka kama za a wuce da su ranar kasuwa. Idan babu abin da ke ƙonewa, 'yan wasa za su koma gari su huta bayan kowane faɗa, kuma ba laifinsu ba ne, hankali ne. Mako biyu da wannan gyara na ji abokina, da gurbi ɗaya ya rage masa, yana duban ƙanena yana cewa, "Ƙanena, tare mini gaba, wannan na ajiye wa babbansu ne."

Ka bar wani abu a inda yake

Nan ne na fi son mu daɗe, don nan ne har manyan kamfanoni suka yi tuntuɓe. Mutum ba ya gane ya yi tsawo sai ya tsaya jikin bangon da aka yi masa alama bara. Idan bangon ma yana tsawo tare da shi, to bai ga komai ba.

The Elder Scrolls IV: Oblivion, wasan bidiyo na 2006, ya sa kusan duk duniyar tana hawa tare da kai. Niyyar mai kyau ce, ana so ka je duk inda ka ga dama ba tare da an murƙushe ka ba. Abin da ya haifar shi ne, idan ka yi nisa, sai ka tarar da 'yan fashin hanya sanye da sulken da kuɗinsa ya fi na ƙaramin gida a babban birni. Ga wani abu da ya fi wannan ciwo: idan gwanintar da ta hau da kai ta magana ce ko ta haɗa magani, abokan gaba sun ƙara ƙarfin faɗa, kai ba ka ƙara ba. Hawa lebul ya zama abin tsoro. Final Fantasy VIII, na 1999, shi ma ya ɗaure lebul ɗin dodanni da na tawagarka, har gwanayen wasan suka gano cewa ƙin hawa ya fi riba: suna mai da dodanni kati don kada su samu makin gogewa, suna ɗebo ƙarfi ta wata hanya. Duk wasan da ɗan wasa yake gudun ci gaba a cikinsa, an samu karaya a gininsa.

Dubi Elden Ring, na 2022. Kana fitowa fili a Limgrave, yankin farko na wasan, ga wani barde nan a kan doki, sulkensa na zinare, yana kai-komo a kan hanyar da za ka bi. Tree Sentinel ake kiransa. Yawancin mutane suna tunkararsa, ya shimfiɗe su da duka biyu ko uku. Sai su zagaye ta gefe. Bayan awoyi, da makami ya ƙaru, jini ya ƙaru, hannu ya faɗa, sai su dawo su same shi a inda suka bar shi, ƙarfinsa bai motsa ba. Daɗin da mutum ke ji ran da ya kayar da shi, babu lambar da za ta hau a allo ta ba shi irinsa. Skyrim, na 2011, ya tsaya a tsakiya: kowane kogo yana da iyakar ƙasa da ta sama, kuma yakan kulle a kan lebul ɗin da ka fara shiga da shi.

Yadda za ka yi a naka wasan ba wuya. Tun a zama na biyu ko na uku, nuna musu abin da ya fi ƙarfinsu, ka kuma buɗe musu hanyar gudu. Gaba da gabanta, su gani da idonsu. Ni wani ƙaton dodo na ajiye a gadar da ke hanyar gabas, yana karɓar kuɗin fito. A lebul 2 suka biya shi suna cije baki. Ban ƙara masa jini ko ɗaya ba. A lebul 6 suka koma, zagaye uku suka gama da shi, kuma har yau idan ana hirar wasan, daren nan ake fara tunawa.

Kada kuma ka yar da ƙananan abokan gaba. A inda lambobi suke a matse, yawa yana da haƙori. Gobilin ƙarin 4 gare shi. Mayaƙi mai cikakken sulke kariyarsa 18, don haka sai 14 ko sama, kashi 35. Kowace kibiya matsakaicinta 5 da rabi. Jera maharba 12 a kan tudu, za su zubar masa da jini kusan 23 a zagaye guda. Mayaƙin lebul 10 mai jini 90 da ɗoriya zagaye huɗu zai yi a fili kafin ya faɗi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma a lokaci guda duk wanda ya sara sai ya faɗi, sai ɗan wasa ya ji girmansa, ya kuma ji haɗari.

Kuskuren da na yi da sulke

Bayan maganar ƙanena, tausayi ya sa na yi gaggawa. Na sa sulke mai ƙarin 2 da zoben kariya mai ƙarin 1 a cikin akwatin farko da suka buɗe, duka ya ɗauka. Kariyarsa ta tashi daga 18 zuwa 21. Mako ɗaya ya ji daɗi. Daga nan ƙananan abokan gaba suka daina taɓa shi, don gobilin sai ya jefa 17. Na fara kawo dodanni masu ƙarin 8 don su same shi. Irin wannan dodo kashi 40 yake samun ƙanena, amma masihirci mai kariya 13 kashi 80 yake samunsa. Sau biyu a dare ɗaya abokina ya faɗi sumamme. Na magance ɗan kallo ɗaya na haifi wani.

Darasin shi ne, tazarar da ke tsakanin 'yan tawaga ita za ka sa wa ido, fiye da girman lambar kowa. Ni yanzu ba na barin bambancin kariya tsakanin na sama da na ƙasa ya wuce 5 ko 6. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowa kuwa sai an yi dubu, don haka kyautar da ke ƙara lamba ta dindindin ka jinkirta ta. Ka fi ba da abin da ke ƙarewa: kwalbar magani, kibiyoyi biyar na musamman, laya mai aiki sau uku. In ta yi ƙarfi da yawa, da kanta za ta tafi.

In kuwa ka riga ka yi kuskuren, kada ka aiko ɓarawo cikin dare ya sace kayan. 'Yan wasa ba yara ba ne, za su gane hannunka ne, kuma amana za ta tafi. Ni kiran ƙanena na yi, na nuna masa lissafin a takarda, na ce, "Ka ga inda na jefa mu." Ya duba ya ce, "To Yaya, bari in ba shi zoben." A zama na gaba, jaruminsa ya cire zoben a gaban kowa ya miƙa wa masihirci kafin su shiga wani kango. Abin ya zama wani yanki na labarin.

Ka kuma kula da baiwa biyu da ke ninka juna. A bugun 2014 akwai baiwar Great Weapon Master: ka rage 5 daga damar samu, ka ƙara 10 a illa. Ita kaɗai ba ta da tsanani. Kashi 65 na 11 ya kama 7 da 'yan kai, kashi 40 na 21 ya kama 8 da 'yan kai. Amma idan jarumi ya samu fifiko, wato ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba, na farkon ya zama kusan 10, na biyun ya haura 13. Gyaran da aka yi wa wasan a 2024 ya cire wannan musayar. Duk sabon abin da za ka shigar, gwada shi haɗe da mafi ƙarfin abin da tawagar ta riga ta mallaka.

Ƙarfin da ba lamba ba

Abin da ya warkar da ƙanena da gaske ba ƙarfe ba ne. A tsohon Advanced Dungeons & Dragons, mayaƙi idan ya kai lebul 9 yana iya gina ganuwarsa, dakaru su zo su yi masa mubaya'a, ya karɓi haraji. Masu wasan na farko sun san cewa masihirci zai kai inda zai tashi sama, ya ɓace, ya ratsa duniya, don haka suka ba mayaƙi mutane da ƙasa. Daga baya wannan ya ja baya, aka bar shi da ƙarin sara kawai.

Duniyar wasanmu birni ne mai ganuwa da ƙofofi, irin biranen ƙasar Hausa na da. Da suka ceci ayarin sarki, sai na sa aka naɗa jarumin ƙanena Madawaki, aka ba shi mahaya 20. Ba sa shiga kogo da shi, don haka lissafin faɗa bai canja ba. Amma yanzu shi ke yanke shawarar wace ƙofa za a tsare, wa za a aika leƙen asiri, wane ƙauye za a kai wa ɗauki a bar wane. Fadawa suna tashi idan ya shigo. Yana da maƙiya a fada. Rabin labarin ta hannunsa yake bi.

Kowane jarumi ka nema masa irin wannan, ka kuma tsare masa gonarsa. Ƙanwarmu 'yar sanɗa take riƙe da ita, gwanar buɗe kwaɗo. Masihirci yana da sihirin buɗe ƙofa shi ma, amma masu wasan sun sa masa ƙara da ake ji har ƙafa 300. Ka yi aiki da wannan ƙarar. Ranar da abokina ya gwada, masu gadi suka farka. Tun daga ranar, in an zo ƙofa, ita ake wa duba. Haka dokar da ta ce sihiri mai bukatar tattara hankali ɗaya kawai ake riƙewa a lokaci guda, da wadda ta ce manyan kayan tsafi uku kawai mutum zai ɗaura wa kansa. Waɗannan su ne linzamin wasan. Duk wanda ka sassauta don kirki, wani ne a teburin zai biya.

Bos, wato babban abokin gaba, kada ya tsaya shi kaɗai. Jarumai huɗu layi huɗu gare su a zagaye, shi ɗaya, komai yawan jininsa za su yi masa taron dangi. Shi ya sa manyan dodannin bugu na 5 suke da ƙarin motsi uku a tsakanin layukan 'yan wasa, da damar ture mugun sihiri sau uku a yini. Ka ara wa bos ɗinka wannan, ka ba shi yara, ka sa filin ma yana faɗa: rufi na zubowa, ruwa na hawa.

Saurin hawa, da inda za a tsaya

A bugu na 5 maki 300 ke kai mutum lebul 2, 900 lebul 3, 2,700 lebul 4, 6,500 lebul 5, lebul 20 kuwa sai 355,000. Farkon da sauri aka yi shi don sabon ɗan wasa ya ɗanɗana, sannan a ja birki. Ni nakan ba su lebul 2 bayan zama ɗaya, lebul 3 bayan biyu, daga lebul 5 kuma sai an yi zama huɗu ko biyar, don mutum ya saba da sabon kayansa kafin a ɗora masa wani. Ka lura da abin da kake biya. Gobilin maki 50 ne, jarumai huɗu sai sun kashe 24 kafin su hau lebul 2. In kisa kaɗai ke kawo maki, kisa za su riƙa nema. A tsofaffin bugu kowane zinare da aka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, shi ya sa 'yan wasan lokacin suka ƙware a sanɗa da sulhu. Ni na bar ƙirgan maki, ina ba da lebul ne idan sun cimma wani buri a labari, ko ta takobi ko ta baki.

Mai haɗa gem ya ari dabarar rage riba a sama. A Elden Ring, ƙarfin rai 40 yana ba da jini 1,450, 60 yana ba da 1,900, amma 99 jini 2,100 kawai. Maki 20 sun sayi 450, maki 39 na bayansu sun sayi 200. Babu wanda ya hana ka hawa, lissafi ne da kansa zai karkata ka zuwa wani fanni. In ba a yi haka ba lambobi kumbura suke yi, har World of Warcraft sai da ya matse lebul 120 ya koma 50 a 2020.

Sannan ka yanke iyaka tun kafin a fara, ka faɗa wa kowa. Baldur's Gate 3, wanda Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, a lebul 12 ya tsaya, ko da yake dokokin da aka gina shi a kai sun kai 20. A lebul 13 ne sihirin mataki na 7 ke shigowa, irin wanda ke ɗauke tawaga daga wannan nahiya zuwa waccan cikin ƙiftawar ido. Daga nan hamada ba hamada ba ce, ganuwa ba ganuwa ba ce, tafiyar ayari ta rasa ma'ana. Labarinmu na hanya ne da ƙofofi, don haka muka yi shawara za mu rufe shi a lebul 11.

Abu na ƙarshe da nake yi, kuma shi ya fi duk lissafin nan amfani a gare ni, wata 'yar takarda ce da nake ajiyewa a gefen gwiwata. Sunayen jarumai huɗu ne a jere. Duk lokacin da wani ya yi abin da ya juya al'amari, ko sara ne, ko dabara, ko magana ɗaya a gaban sarki, sai in ja masa layi. Bayan an tashi in ƙirga. Ba na neman su zo daidai a dare ɗaya, a cikin zama uku nake so kowa ya samu darensa. Asabar da ta wuce ƙanena layi huɗu, abokina huɗu, ƙanwarmu uku, ɗan maƙwabcinmu mai riƙe da mai magani ɗaya tak, kuma makon da ya gabace shi ma ɗaya ne. Shi yaro ne mai kawaici, ba zai taɓa tsayawa a bakin ƙofa ya tambaye ni ba. Don haka a zama mai zuwa wata cuta za ta ɓulla a unguwar marina, rijiyoyi uku za su gurɓace, sarki kuma zai aiko a kira shi da sunansa.